Yatsun da Siminti Ya Cinye

Lahadi, 4 ga wata

Yayata,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da keken ɗinkinki da 'yan biyu da rigimarsu. Ya maigidanki Hedimasta? Har yanzu yana gyara wa baƙi magana tun kafin su cire takalmi? Ki gaishe mini da shi. Mu nan lafiya lau, sai dai bayan Baba da ke tashi idan ya daɗe a sunkuye. Maganin da kika aiko yana sha ranar da ya ga dama.

Na san za ki ce sai da dalili nake tuna takarda, kuma ba ki yi ƙarya ba. Amma tun da kunnenki ya yi nauyi waya ta zame mana azaba, ni ina ihu a tsakar gida maƙwabta suna jin sirrinmu, ke kina cewa "to, madalla" ko da rasuwa na gaya miki. Wannan maganar ba na so a yi mata madalla a inda bai dace ba, shi ya sa na ba direban motar kasuwa ya kawo miki hannu da hannu.

Yaya, na nemi aikin ɗan sanda. Ki ajiye almakashin tukuna ki karanta. Ba kurtu ba ne irin wanda kike tunani. Akwai shirin da suka buɗe wa masu digiri, a horar da mutum wata goma sha takwas ya fito da anini ɗaya a kafaɗa da tebur nasa na kansa. Wata uku ke nan da na cike fom a shagon kwamfuta ban gaya wa kowa ba, don na gaji da sanar da ku na nemi aiki, sannan in dawo in sanar da ku ba a ɗauke ni ba. Shekara shida da gama jami'a ina ɗaukar kwanon siminti a bayan Baba, leburori suna kirana Digiri. Digiri kawo yashi, Digiri kwaɓin ya yi ruwa. Tun ina jin haushi har na koma amsawa kafin a rufe baki.

An kira mu jarrabawar rubutu, mun fi mutum dubu biyu a wani babban zaure mai matattun fankoki, na ci. An kira mu gudu da awon tsayi da na ƙirji, nan ma na ci. Gudun ma dariya ya ba ni. Wani da ya karanta shari'a, muna ce masa Lauya, ya zube a zagaye na uku yana kiran uwarsa, da ƙyar ya tashi ya ƙarasa. Ni da nake hawa bene da bulo a ka kullum ko haki ban yi ba. Ashe leburanci ma yana da ranarsa. Yanzu saura ganawa da manyan jami'ai, sai gwajin asibiti, sai ɗaukar zanen yatsu. Lauya ya ce na ƙarshen ba gwaji ba ne, dangwalawa kawai ake yi a tafi gida.

Abin da ya sa nake so ki dage mini da addu'a shi ne shekaru. Ba sa ɗaukar wanda ya cika talatin. Ke kika goya ni bayan rasuwar Inna, kin fi kowa sanin saura mini wata biyu da 'yan kwanaki. Shirin kuma sai bayan shekara biyu ake sake buɗe shi. In wannan ta wuce ni, ta wuce ke nan.

Na san ra'ayinki a kan masu kaki, ba sai kin ɓata tawada ba. Amma kin tuna lokacin da aka fasa ɗakin ajiyar Baba aka kwashe masa kayan aiki? Ni na raka shi caji ofis. Tun hantsi har la'asar yana zaune a kan benci da hularsa a gwiwa, duk wanda ya gifta sai ya miƙe ya gaishe shi, ba wanda ya tambaye shi me ya kawo shi. Ni ba kayan ne suka tsaya mini a rai ba, miƙewar nan ce. Tun ranar nake cewa da ni ne a bayan teburin can da na ja wa tsohon nan kujera. Ba zan ɓoye miki ba, ina kuma son albashi, ina son guga a rigata, ina so a daina ce mini Digiri.

Jiya na gaya wa Baba. Ya ci gaba da kankare cokalin gininsa, can ya tambaye ni me 'yan sanda za su yi da wanda ya karanta tarihi, ko matattu za su ba ni in kamo. Amma yau da safe na ji shi yana ba kafintan da suke aiki tare labarin tun ba su gama gaisawa ba.

Ki shafa mini kan 'yan biyu. Direban yana juyowa ranar Alhamis, ki ba shi amsa.

Ƙaninki,
Auta


Talata, 20 ga wata

Yayata,

Ina gaishe ki da fatan kowa lafiya. Ya tarin ƙaramin cikin 'yan biyun, ya sauka? Takardarki ta iso. Na karanta faɗan shafi guda, na ga addu'ar layi biyu a ƙasa, ita na ɗauka.

Bari in fara da mai daɗi don ba shi da yawa. Ganawa ta yi kyau. Mutum biyar ne a bayan dogon tebur, kowa da robar ruwa a gabansa. Suka tambaye ni me nake yi tun da na gama karatu, na ce leburan gini ne ni a ƙarƙashin mahaifina. Na zaci za su yatsine fuska. Sai babbansu ya ajiye biro ya tambaye ni baro nawa na yashi ake zuba wa buhu ɗaya, don katangar gidansa ta tsage tun ba a shekara ba. Na gaya masa an cuce shi, duk suka yi dariya. Asibiti ma ba su sami kome ba.

Jiya Litinin aka kira mu ɗaukar zanen yatsu. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a ƙarshen baranda, taga ɗaya, tebur da kwamfuta, da wata 'yar na'ura mai gilashi da ba ta fi sabulun wanki girma ba. Wata sajan mai tabarau ce ke kula da ita, za ta yi sa'ar Inna da tana raye. Ka ɗora yatsa, fitila ta nuna kore, ka ɗora na gaba. Lauya ko minti biyu bai yi ba ya fito yana ɗaga mini gira.

Na ɗora babban yatsa, fitila ta nuna ja. Sajan ta goge gilashin ta ce in sake. Ja. Ta ce in shafa yatsan a goshina ya ɗebi maiƙo. Ja. Ta ce in hura masa iska, in danna a hankali, in danna da ƙarfi, muka bi goman ɗaya bayan ɗaya, ƙaramin yatsan hagu kaɗai ya ba da kore. Layi ya fara gunaguni a bayana. Sai ta kama hannuna ta ja ni gaban taga, ta ɗaga tabarau ta duba, ta tambaye ni wane aiki nake yi. Na ce gini. Ta ce, "Ɗana, siminti ya cinye maka zane. A wurin na'urar nan ba ka da yatsu."

Yaya, ki dubi cikin yatsunki yanzu, za ki ga 'yan layuka suna zagaye. Nawa sumul suke kamar bayan cokali. Shekara shida ban taɓa lura ba, don wa ke zama yana kallon yatsunsa? Na tambaye ta ko ba za a yi da tawada da takarda ba irin na da. Ta ce an daina, yanzu zanen kai tsaye yake tafiya babban ofis a duba ko an taɓa kama mutum da laifi, kuma sai an sami takwas cikin goma fayil yake rufuwa. Na ce mata wanda ba shi da zane ai ba shi da laifi ke nan. Ba ta yi dariya ba, ni ma da na faɗa ban ji daɗin bakina ba.

Matar tana da kirki. Ta ce zanen yana dawowa idan an bar fata ta huta. Ta mayar da sunana ranar ƙarshe, Litinin goma ga watan gobe, mako uku cif, daga ranar za a rufe. Ta ce kada in taɓa siminti, kada in taɓa sabulun wanki, in riƙa shafa basilin safe da yamma.

Na dawo gida a ƙafa don ban so zama kusa da kowa a mota. Ban taɓa jin wulaƙanci irin na jiya ba, kuma ba wanda ya wulaƙanta ni, abin da ya fi ciwo ke nan. Na wuce mutum dubu biyu da kaina, ɗan gilashi ya tare ni.

Da na gaya wa Baba sai ya buɗe nasa hannuwan ya daɗe yana kallo. Ya ce shi ma lokacin katin shaida na'ura ta ƙi shi, aka rubuta wani abu aka sallame shi, bai kawo kome a ransa ba. Sannan ya ce daga gobe kada ya ga ƙafata a wurin gini. Na tuna masa benen mai kantin magani da muke kai, ga zuba dakin, wato rufin kankare, ya kusa, ga bayansa. Ya ce yana gini tun ba a san za a haife ni ba. Daren nan abincin ma kaɗan ya taɓa.

Ki yi mini addu'a fata ta yi sauri. Ki gaida Hedimasta, amma kada ki ba shi takardar nan ya karanta, ba na son lacca.

Ƙaninki,
Auta


Asabar, 1 ga wata

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode da kwalbar man da kika aiko, ko da yake ƙamshinsa ya sa maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara ta koma ce mini amarya. Kullum ta leƙo ta gan ni zaune a kan tabarma da hannuwa a sama suna ƙyalli sai ta tambaya yaushe za a kai ni. Daga Digiri zuwa amarya, ban san ko ci gaba aka samu ba.

Zaman banza ya fi ɗaukar bulo wuya. Ba na wanki, ba na wanke kwano, ko igiyar guga Baba ya hana ni ja. Shekaranjiya na fito da sassafe na same shi tsugune a gaban baho yana wanke mini riguna, yana yi yana dafa ƙugu. Yaya, na rasa inda zan sa kaina. Na ce ya bari in kai wa mai wanki, ya ce in koma ciki kada kumfa ta fantsamo mini. Na koma na zauna a bakin gado ina jin ƙarar matsar ruwa, hawaye suka zubo mini, ga hannu duk mai ban iya ko sharewa ba.

Kowace safiya kafin ya fita sai ya ja ni cikin rana, ya sa tabaransa mai ƙafa ɗaya, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya kamar yana duba tsagewa a bango. Kwana bakwai na farko bai ga kome ba. Rana ta takwas ya ce ya ga wani abu a manuniya. Na zaci ƙarfafa mini gwiwa yake yi, amma da na duba na gani, siriri ƙwarai.

Jiya Lauya ya zo duba ni. Wayarsa irin mai buɗewa da yatsa ce, muka yi ta gwaji a kanta. Ta karɓi shida, Yaya. Shida cikin kwana goma sha ɗaya, ga sauran kwana goma a gaba. Lauya ya ce in ta kai takwas shi zai sayi lemon. Da Baba ya dawo na gaya masa, ya ce madalla, ya shiga ɗaki, sai na ji yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, abin da rabona da ji tun ina yaro.

Abin da ke damuna bayansa ne. Yana dawowa da yamma yana tafiya kamar mai ɗauke da kaya, alhali hannunsa wayam. Leburan da ya ɗauka a madadina ba ya jin magana, rabin aikin Baba ke yi. Ranar Alhamis za su zuba dakin. Ke ba ki san aikin ba, bari in gaya miki. Dakin ba ya kwana. In aka fara zuba kankare a kan katako da rodi, dole a gama a ranar, don in rabi ya bushe aka ɗora sabo a gefensa, nan wurin zai tsage ya yi ta yoyo har abada, sunan magini kuma ya lalace. Baba ya ce ya shirya mutum goma sha biyu da injin kwaɓi, in kwantar da hankalina.

Na kwantar, daidai gwargwado. Ki gaida yara.

Amaryarki,
Auta


Talata, 11 ga wata

Yayata,

Ina gaishe ki. Ina fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, biron a tsakanin yatsu biyu na maƙale shi, sauran a naɗe suke. Zan gaya miki kome yadda ya faru, ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi.

Ranar Alhamis da hantsi na ga Baba ya manta maganinsa a kan taga, na ce bari in kai masa in dawo. Da ma ban je ba. Na tarar injin kwaɓi ya mutu tun bayan awa guda da farawa, makaniki ya tafi neman wani ƙarfe bai dawo ba. Cikin mutum goma sha biyu bakwai ne suka zo. An zuba kashi ɗaya cikin uku, rana ta fara zafi, bakin kankaren ya fara kamewa. Sun koma kwaɓi da shebur a ƙasa. Mai kantin magani yana tsaye a inuwa yana ta duba agogo.

Sai na hango Baba a kan katakon hawa, da kwano cike a kansa. Shekara nawa rabon da Baba ya ɗauki kwano? Ya kai tsakiya ya tsaya, kafinta ya riƙo shi. Ya sauko ya sake miƙa kai a ɗora masa wani.

Na ce masa zan hau. Ya daka mini tsawa a gaban mutane ya ce in bar wurin. Na ce ba inda za ni. Muna cikin haka kafinta ya ce ai akwai safar hannu ta roba a kantin da ke kan kwana, irin wadda ake wanke-wanke da ita, in na sa siminti ba zai taɓa ni ba. Shekara arba'in Baba yana gini bai taɓa sa safa ba, shi da mutanensa suna ganin ta abin injiniyoyi masu farar hular kwano ne da ke zuwa duba aiki. Duk wurin ba wanda ya taɓa yini da ita. Baba ya dubi kankaren ya dube ni, ya ciro kuɗi ya ba kafinta ya sayo, biyu-biyu ga kowane hannu. Shi da kansa ya sa mini, ya ɗora ɗaya a kan ɗaya, ya yagi tsumma ya ɗaure mini wuyan hannu tam don kada kome ya shiga. Ya ce, "Haka nan ko ruwa ba zai same ka ba."

Na ɗauki kwano tun kafin azahar har rana ta yi ja. Ban san lokacin da bakin kwano ya huda robar ba. Ruwan siminti ya shiga ya haɗu da gumi, ɗaurin ya hana shi fita. Na ji zafi, na ɗauka zafin roba ne. Da hannu tsirara mutum yana ji yana wankewa, iska tana busar da shi. A cikin safa kuwa jiƙa yake yi. Wannan mai kemis ne ya gaya mana daga baya, yana mamakin a ce magina ba su sani ba.

Mun gama dakin, ya yi kyau, ba tsaga ko ɗaya. Da Baba ya kwance tsumman ya ja safar, fatar kan yatsuna ta biyo ta. Ba zan kwatanta miki ba. Abin da ba zan manta ba fuskar Baba ce. Ya riƙe safar a hannu yana kallonta. Shi ya kai ni kemis, shi ya riƙe mini hannu ana wankewa, tun ranar ko wurin gini bai leƙa ba. Yana zaune a ƙofar ɗakina, in na motsa ya tambaya ko zafi ne.

Jiya na je. Ya so ya raka ni na hana. Sajan ta gane ni, ta yi murmushi, sai ta ga bandeji. Ta kore sauran mutane ta rufe ƙofa, ta taya ni kwancewa a hankali. Mun gwada duk da haka. Uku suka ba da kore. Ta fita da fayil ɗina wurin shugabanta, ta daɗe, ta dawo ta ce ya ce doka ce, ba daga nan ake yin ta ba, kuma ƙarfe huɗu kwamfutar take rufewa da kanta. Ta ce bai kamata ta gaya mini ba, amma in sani ni ne na huɗu a maki cikin duk waɗanda suka rage. Ban san ko alheri ta yi mini da wannan maganar ba. Ita ta mayar mini da bandejin, ta fi mai kemis iya naɗi.

Na fito na zauna a kan dakalin bakin titi har inuwa ta juya. Ba aikin nake tunani ba, Yaya, ƙofar gida nake tunani, da wanda ke zaune a bakinta.

Na same shi a tsaye. Bai tambaye ni ba, kallona kawai yake yi. Na buɗe baki na ji kaina ina cewa na'ura ta karɓa, takwas cif, ƙunar ba ta kai tsakiya ba, yanzu sai jiran sunaye. Ya zame ya zauna a kan bulo ya rufe fuska da hularsa. Ya daɗe a haka.

Ban shirya ƙaryar ba, amma ban yi nadamarta ba. Kada ki rubuto wa Baba kome tukuna.

Ƙaninki,
Auta


Lahadi, 30 ga wata

Yayata,

Sallama. Ina fatan kina lafiya da Hedimasta da yara. Takardunki biyu sun iso, na ga inda tawada ta jiƙe a ta farkon. Ki daina kuka, hannun ya yi sauƙi.

Sunaye sun fito ranar Laraba, an manna a allon bakin ƙofarsu. Na je don Baba ya ga na je. Lauya yana ciki, na ashirin da bakwai. Ya rungume ni, na ce ya dai riƙa motsa jiki kafin a shiga horo. Ina taya shi murna, kuma ina jin hassada har cikin haƙorina, duka biyun gaskiya ne.

Na dawo na ce wa Baba ba sunana. Na ce maki ne bai kai ba, an haɗa na rubutu da na ganawa na faɗo ƙasan layi. Kin san abin da ya fara fita daga bakinsa? Ya ce, "Ba hannun ba ne ke nan?" Na ce ba hannun ba ne. Ya ce alhamdu lillahi. Sai ya ji abin da ya faɗa, ya yi sauri ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ranar ya cinye abincinsa tas, karo na farko tun ranar dakin.

Washegari ɓacin ran ya zo. Ya ce shekara huɗu a jami'a, shekara shida ana jira, a ƙarshe a ce maki bai kai ba. Ya ce ya riga ya gaya wa duk wanda ya sani. Jiya kafinta ya zo gaishe ni, a gabansa Baba ya ce ashe digirin ma kwaɓin ruwa ne, yashi ya fi siminti yawa. Kafinta ya yi dariya don ya ga ya kamata. Ni ma na yi. Ni da na zo na huɗu a maki, Yaya. Maganar ta zo mini har maƙogwaro na haɗiye ta.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Kin ce za ki zo ranar Asabar, kuma kin ce ba za ki iya zama ana yi mini gori a kan abin da ban yi ba, gara Baba ya san gaskiya. Na roƙe ki don darajar goyon da kika yi mini, kada ki faɗa. Ke ba ki ga fuskarsa ba lokacin da ya ja safar nan. Ni na gani. Gorin nan zai yi wata biyu ya gaji ya bari, kin san halinsa. Amma in ya san shi ya ɗaura tsumman da ya rufe mini ƙofa, ba zai bari ba har ya koma ga Allah, kullum zai riƙa kallon hannuna a kan kwanon abinci. Gara ya ji kunyata da ya ji kunyar kansa. Ni zan iya ɗauka, na saba da kaya.

In kin zo kada ma ki ɗauko maganar ko a ɗaki, don ke in kina raɗa har mai ƙanƙara tana ji. In ya yi gorin ki taya shi kaɗan, ki ce da ma tun ina yaro wasa ya fi mini karatu. Takardun nan kuma ki ƙona su ko ki sa a ƙasan akwatin zare.

Kin tambayi yatsun. Tsohuwar fatar ta gama saɓulewa, sabuwa ta fito ja-ja mai laushi irin ta jariri. Yau da safe na fita cikin rana ni kaɗai na duba. Zanen ya dawo, Yaya, duka goman, raɗau, har na ƙaramin yatsa ana iya ƙirga layukansa. Ban taɓa ganinsu da kyau haka ba. Kwana ashirin da rufewa. Na tsaya ina kallonsu har Baba ya kira ni daga ɗaki, ya ce gobe za a fara filasta a benen mai kantin magani, in hannun ya warke yana buƙatar mai kwaɓi. Na ce ya warke.

Ki taho mini da 'yan biyu in makaranta ta bari, gidan ya yi shiru da yawa. Allah ya kawo ku lafiya.

Ƙaninki,
Auta